BINDIGAR TOKA DA ƊIYANMU: MU KOYA MUSU TUN MUNA DA RAI

Jawabin da mataimakin sarkin mahalba ya yi gaban taron shekara na ƙungiyar ƴan garinmu. Magatakarda ya rubuta shi yadda ya fito daga bakinshi, don ƴan'uwa na nesa su samu.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ranka ya daɗe Maigari, Allah gafarta Malam Liman, shugaban ƙungiya da mutanenshi, iyayenmu mata da ke zaune can baya, ƴan'uwa da kunka taso daga Maradi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da waɗanda takardar ga za ta iske Kano ko Abijan ko Agadas, ina gaishe ku gaba ɗaya. Sannunku da hanya, sannunku da ƙoƙari. Sarkin mahalba ne ya kamata ya tsaya nan, amma kun san ƙafa ta hana shi, shi ya sa ya wakilta ni. Abin da na faɗa daidai, nashi ne. Wanda na yi kure, nawa ne, ku gafarce ni.

Maganata a kan bindigar toka ce, wadda ake ɗura ma albarushi ta baki, wadda wasu ke ce ma adaka, yara kuma suna ce mata halba-ka-ruga. Kamin in roƙe ku abin da ya kawo ni, sai na faɗi laifina a gabanku, don kowa ya san ba daga sama na ɗauko zancen ba.

Kun san abin da ya samu jikana a Sallar da ta wuce. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda anka yi. Tun cikin bazara na fita korar birai, na ɗura bindigata, na ja kunama, ta ƙi tashi. Na ce in na koma gida na kwashe ɗurin. Da na iso na iske baƙi, na rataye ta ga turken ɗaki, na mance. Ta yi wata da watanni a nan da cikinta. Yaron nan sau uku shina roƙona in koya mishi halbi, sau uku ina ce mishi ya bari sai ya girma. Ran Salla da safe, ina masallacin idi, ya shiga ya ɗauke ta. Abokanshi sunka ba shi albarushi, ya zuba bisa na da, ya danna, ya halba. Bututun ya tsage daidai inda hannunshi na hagu ke riƙe. Abin da ya fi ci mini rai, mutanen gida sunka ɓoye shi kwana biyu ana sa mishi magani a ɗaka, don tsoron kada jandarma su ji. Da anka kai shi gidan likita, yatsu uku ba su ceto ba. Shekararshi 16. Da yaron nan ya san a sa sandar ɗuri a auna cikin bindiga kamin a zuba mata kome, da yau shina da hannunshi. Aikin ƙiftawar ido ne. Ni na san shi tun ina ƙarami, ban gaya mishi ba.

Jama'a, bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a cikin birninshi maƙera ke zuba mishi igwa, a nan kuma ake haɗa mishi albarushi. Har yau a fadojin sarakunanmu akwai ƴan bindiga da shugabansu, su ke tashin gari ran hawan Salla. Mu kuma mahalba mun gāje ta tare da baka da kibiya. Amma a da ba a miƙa ma yaro ita haka kawai. Ni shekara biyu na yi ina bin ubana daji, ba abin da nike ɗauka sai gora da jakar guzuri. Daga nan ya bar ni in riƙa wanke ta. Daga nan ya bar ni in ɗura, shi ya halba. Ranar da ya ce in halba da kaina, shina tsaye bayana, hannunshi bisa kafaɗata.

Mi ya katse wanga tsari? Kowa ya sani. Farin 1973 da na 1984 sun kore namun daji, sun kuma kore magidanta zuwa ci-rani. Uba na bakin teku wata takwas, ɗa na gida. Waɗanda sunka shiga lakwal sun ɗauki halbi aikin mutanen da. Mu tsofaffi kuma munka kama bakinmu, muna ganin sirrin gado ne, ba a faɗa ma kowa. To, ilimin ya tafi, amma bindigogin ba su tafi ba. Suna nan rataye cikin ɗakunanmu da bayan rumbuna. Ran Salla, ran kai amarya, ran da jan-baki ya sauka cikin gero, yara ke ɗauko su. Wa ya koya musu? Junansu, da abin da suke gani cikin salula.

Na san abin da wasu dattawa ke faɗi, don sun faɗa mini a ido. Sun ce: a wanga zamani da ɓarayin daji sunka hana mutanen bakin iyaka barci, kai ko za ka tara samari ka koya musu bindiga? Tambaya ce ta masu hankali, kuma ga amsata. Ba runduna za mu kafa ba, ba ƴan banga ba. Tsaron ƙasa aikin hukuma ne, ba mu shiga cikinshi. Ba za mu ƙara ko bindiga guda a garin nan ba, sai ma mu rage, don duk wadda ta lalace za a kashe ta. Ba kuma a ɓoye za mu yi ba. Kamin a fara, Maigari zai kai maganar ga sarkin kanto, a sanar da hukumar jiha da jandarma da ma'aikatan gandun daji. In sun ce a dakata, mun dakata. In sun yarda, kowace rana ƙofa a buɗe take su zo su gani. Yaron da ke son taɓa bindiga sai ya taɓa ta, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage gare mu shi ne mu zaɓa: ya taɓa ta gaban dattijo da rana, ko bayan gari shi da tsaranshi.

Kada kuma ku ce mu kaɗai ke da wagga damuwa. Wani ɗanmu da ya yi karatu Amurka ya ba ni labari, can ma akwai masu riƙon irin bindigar nan ta kakanninsu, suna da ƙungiya tun 1933. Jihar da ake kira Niyok, tun 1949 ta sa doka sabon mahalbi ba ya samun takardar farauta sai ya zauna an koya mishi kiyaye haɗari. Suna da ƙungiyar ɗiyan manoma mai suna 4-H, kamar samariyarmu ta zamanin Kunce, inda ake koya ma yara halbi. Masu koyarwar kuwa galibi ba albashi ake ba su ba. Manoma ne da tsofaffin ma'aikata, a horar da su tukuna, sa'an nan su ba da lokacinsu kyauta. Wannan ai shi ne aikin gayya, ba sai an koya mana shi ba.

Yanzu ga abin da za a koya ma yaran. Magatakarda, rubuta da kyau, don ko wanda ɗanshi ba zai zo ba ya karanta mishi.

Na 1. Kowace bindiga ɗurarriya ce har sai ka auna da hannunka. Sa sandar ɗuri cikin bututu lokacin da ka tabbata babu kome ciki, ka yi mata tsaga daidai baki. In wata rana ka sa ta, ka ga tsagar ta tsaya sama, to akwai abu ciki: ko tsohon ɗuri, ko ƙasa, ko gidan zanzaro. Zanzaro na son bakin bindigar da anka rataye, kuma laƙarshi kaɗai ta isa ta fasa ƙarfe.

Na 2. Bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da wasa, ko babu kome cikinta. Wurin ɗuri a jingine gindinta ƙasa, bakin ya karkata gaba, nesa da fuska. Ba a leƙa shi, ba a hura shi da baki, ba a kife tafin hannu bisa kan sanda.

Na 3. Baƙin albarushi kaɗai ne abincinta. Garin da ke cikin harsashin bindigar zamani wani abu ne daban, ƙarfinshi ya fi ƙarfin bututun adaka nesa ba kusa ba. Wanda ya ɓare harsashi ya juye mata, ya haɗa ma kanshi abin da zai tashi da hannunshi da idonshi.

Na 4. Ba a zuba albarushi daga ƙaho ko kwalba kai tsaye. Bayan halbi, ƴar wuta na iya saura cikin bututu. In ta kama, duk abin da ke cikin ƙahon zai tashi a hannunka. A zuba cikin ɗan ma'auni, a toshe ƙahon, a ajiye shi gefe, sa'an nan a juye ma'aunin. Tsakanin halbi da halbi a goge ciki da tsumma mai ɗan laima, a bi da busasshe.

Na 5. Awo guda ne, wanda malamin halbi ya yanka ma wannan bindiga. Ba a ƙarawa don a ji ƙara ta fi ta wane. Yawancin bindigogin da ke fashewa ran Salla gasar ƙara ce ke fasa su.

Na 6. A danna harsashi har ya zauna bisa albarushi sosai. In an bar fili tsakaninsu, nan ne bututu ke kumbura ko ya tsage.

Na 7. Abin kunnawa, ko hular tagulla ce ko mi kake sawa, shi ne na ƙarshe. Ba a sa shi sai an tsaya wurin halbi, baki na kallon abin bara. Yatsa kuma ba ya shiga wurin kunama sai an yi niyya. Ba a hawa icce, ko jaki, ko babur, ko a tsallake darni da ɗanannar bindiga.

Na 8. In ka ja kunama ta ƙi tashi, kada ka sauke ta, kada ka juyo ka tambayi na bayanka. Riƙe ta yadda take, ka ƙirga 60 a hankali, don wani lokaci wutar na tafiya sannu, sai ta tashi daga baya. Bayan nan ka kira malami. Kuma kada ɗuri ya kwana cikin bindiga. Wannan ita ce dokar da na karya.

Na 9. Halbin biki ma halbi ne. Ko babu harsashi, tsumman da anka danna da wutar da ke fita suna huda fata, suna kashe ido. A yi shi gefen taro, baki sama, nesa da dawaki da rufin ciyawa.

Na 10. Daɗin albarushi na jan laima, shina cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. Ranar da anka yi halbi, ranar ake wanke bututu da ruwan zafi, a busar, a shafa mai. A ajiye bindiga wuri guda, albarushi wani wuri, cikin akwatin icce mai kuba, nesa da murhu da fitila da mai shan taba.

Ina ƙara kalma guda kan dalma, don iyayenmu mata su ji. Guba ce. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Kada a narka ta cikin tukunyar abinci ko a ɗakin girki, kada yaro ya sa ta baka, kuma wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu kamin ya ci tuwo.

Sai yaro ya iya waɗannan goma da ka, ya kuma nuna su da hannu, sa'an nan a zo maganar iya bara. Ita ma kiyaye rai ce. Mahalbin da bai iya saiti ba shi ke raunata dabba ta tafi ta mutu a banza, shi ne kuma harsashinshi ke zuwa inda bai aike shi ba. Za a fara da gane idon da ya fi ƙarfi, don akwai na-dama da idonshi na hagu ke jagora. Sai tsayuwa: ƙafafu a buɗe, jiki ya ɗan rinjaya gaba, gindin bindiga ya zauna cikin kafaɗa sosai, kunci bisa icce. Sai numfashi: a ja, a saki rabi, a riƙe. Sai kunama: matsa ta ake yi sannu, ba fizga ba. Abin da ya fi wuya shi ne na bayan nan. Adaka ba ta tashi nan take, akwai ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da fitar wuta. Yaro na jin tsoro ya runtse ido ya sauke hannu, sai halbi ya tafi ƙasa. Dole ya koyi tsayawa kamar gunki har hayaƙi ya watse. Za a fara daga taki 15, a je 25. Wanda ya kai 40 ya kai iyaka, don bututun da ba shi da zare a ciki ba a amince mishi bayan nan.

Babban darasi kuwa shi ne sanin lokacin da ba a halbi. Ba a halbin motsin ciyawa, ba a halbin inuwa da magariba ko cikin hazo. Sai ka ga dabba da idonka, kai da wutsiya, ka kuma ga abin da ke bayanta. Dajinmu cike yake da mata masu icce da ɗiyan Fulani masu kiwo. Ba a halbi bisa dutse ko bisa ruwa, don harsashi na tsalle ya sake hanya. Kuma farauta na da doka. A 1998 gwamnati ta kafa dokar farauta da kare namun daji, wadda ta tsara takardar izini da lokacin buɗewa da rufewa, ta kuma jera dabbobin da ba a taɓawa. Raƙuman dawa na wajen Kure, a 1996 kamar 50 kaɗai sunka rage. Da anka tsare su, sun haura 600. Za mu roƙi ma'aikacin gandun daji ya zo da kanshi ya karanta ma yara dokar.

Ga yadda munka tsara. Mu shida munka ba da kanmu: mahalba huɗu, da tsohon soja guda, da sarkin maƙera. Ba mu son ko dala. Mu ma za mu fara zama mu daidaita bakinmu, don kada wane ya koya haka, wane ya koya haka, kuma kowa cikinmu na da mugun sabon da zai bari. Za a yi koyon ran Juma'a bayan la'asar, daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwa, a tsohon ramin ginar ƙasa na arewacin gari, inda bangon rairayi zai tare harsashi. Ba a karɓar yaro sai ya kai shekara 15, kuma sai uba ko wanda ke riƙonshi ya kawo shi da hannunshi. Mako huɗu na farko da sanda za a yi, ba wuta. In an fara wuta, mutum guda ke halbi, malami guda na tsaye bayanshi, sauran na zaune bayan igiya. A kafa jan ƙyalle don masu wucewa. Duk wanda ya ga abin da bai gamshe shi ba, ko ƙaramin cikinsu ne, ya ce "Tsaya!", kuma kowa ya tsaya. Wanda ya zo da maye, ko ya nuna ɗan'uwanshi da bindiga, ya tafi gida sai baɗi.

Abin da muke roƙo gare ku uku ne.

Dattawa, ku fito da bindigogin da ke ɗakunanku sarkin maƙera ya duba su. Wadda anka yi da bututun famfo, ko ta yi tsatsa, ko ta kumbura, a yanke ta gaban mai ita. Na san da zafi, wata gadon uba ce. Tawa ma gado ce, ga ta nan cikin buhu, kowa ya zo ya ga yadda ta buɗe. Wanda kuma ba shi da takardar riƙon bindiga, ƙungiya ta raka shi ya nema.

Ƴan ci-rani, muna roƙon jikka guda ga kowane magidanci. Za a sayi tabarau na kare ido, da audugar toshe kunne, da usur, da akwati biyu masu kuba, da kayan ɗaure rauni. Ma'aji zai karanta lissafin a taro mai zuwa. Kuma in ɗanka ya kira ka ya ce ka aiko da kuɗin albarushin Salla, tambaye shi tukuna wa ya koya mishi, ka kira mutumin ka ji.

Iyaye mata, in tsautsayi ya faɗa, kada a ɓoye. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta da yawa. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Kada a sa toka, kada a sa kashin shanu. A nemi mota ko amalanke a kai gidan likita a ranar, a yi mishi allurar da ke hana sandarewar jiki. Tambayar jandarma ta yini guda ce, mu maza mu za mu amsa ta.

Jikana ya ce in gaya muku zai zo ran Juma'ar farko. Ba zai iya riƙon bindiga ba, amma ya ce shi zai riƙe usur, kuma shi zai nuna ma tsaranshi yadda ake tsaga ga sandar ɗuri. Wanda ke son a rubuta ɗanshi ya ga magatakarda kamin a watse. Na nesa su aiko da saƙo ta hannun wakilin ƙungiya na garin da suke.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba ƙasarmu lafiya, ya maida matafiya gida da alheri. Malam Liman, a yi mana addu'a.